Beacon, ɗan Niyu Gini ko SunPatiens: wane impatiens ne zai rayu a tsakar gidanka?

A daminar bara ƙanwata ta tare a sabon gidansu a Jos, ta turo mini hoton wani lungu tsakanin katanga da bishiyar fiya, wurin da rana ba ta leƙawa sai da hantsi. "Yaya, me zan sa a nan? Na ga wata fulawa a gidan maƙwabta, ja da fara da ruwan hoda, suka ce wai impatiens." Ba a yi mako ba sai ga wani abokina daga Kano, shi kuma a intanet ya ga an fito da sabon irin impatiens mai jure rana, yana son ya jera shi a gaban shagonsa da ke kallon yamma. Suna ɗaya suka kira, amma da na ba su amsa ɗaya, da ɗayansu ya yi asarar kuɗinsa. Ni a Kaduna nake, tsakaninsu ke nan a taswira da kuma a yanayi, kuma na kashe furen nan fiye da sau ɗaya kafin na gane cewa abin da ake sayarwa da sunan nan dangi ne guda, kowa da halinsa.

Dangin sun haura dubu, galibinsu 'yan tsaunuka da bakin rafi ne a Afirka da Asiya. Har a ƙasashenmu akwai na daji a wurare masu dausayi, balle a tsaunukan Kamaru. Sunan daga Latin yake, ma'anarsa marar haƙuri. In kwafsarsa ta nuna, ka ɗan taɓa ta da yatsa sai ta tsage ta nannaɗe, ta watsa 'ya'yan ko'ina. Ranar da yaran gida suka gano wannan wasa, ka yi sallama da tara iri. Abin da ya haɗa dangin duka shi ne kara mai taushi cike da ruwa, wanda in ka ɗaga shi ga haske kamar ka hango cikinsa, sai wani siririn ƙaho a bayan kowane fure inda zaƙin ke taruwa. Ka riƙe maganar karan nan, domin duk gardamar ban ruwa da za mu yi a gaba daga gare shi ta taso. Tsiro ne marar itace a jiki, ruwa ke tsayar da shi, ruwan na janyewa sai ya zube ƙasa kamar tsumma.

Wanda ƙanwata ta gani shi ne tsohon hannu, Impatiens walleriana, wanda zan riƙa kira ɗan inuwa. Asalinsa ɗan Gabashin Afirka ne, daga Kenya zuwa Mozambik. An raɗa masa sunan wani ɗan mishan Bature, Horace Waller, kuma akwai lokacin da ake kiransa sultanii don girmama Sarkin Zanzibar. A daji dogo ne, marar tsari, furensa jifa-jifa. Wanda ya mayar da shi abin sayarwa wani Ba'amurke ne, Claude Hope, da aka tura Kosta Rika lokacin yaƙin duniya na biyu don noman itacen da ake samun kwinin, ya tarar da furen ya bazu a gefen hanyoyi kamar ciyawa. Ya zauna can ya yi ta haɗa wannan da wancan yana zaɓe, har a ƙarshen shekarun 1960 ya fito da jerin Elfin, gajere mai rassa da yawa wanda fure ke rufe shi ruf. Daga baya aka samu Super Elfin. Shekaru da dama babu furen inuwa da ya kai shi kasuwa a Amurka, a Ingila ma ko'ina ka duba shi ne a kwandunan da ake ratayawa a ƙofar gida.

Sai cuta ta shigo. Manomin gero zai gane ta da sauri, domin 'yar uwar kuturtar gero ce, irin ƙwayar nan mai kama da fumfuna wadda ke son sanyi da laima. Sunanta Plasmopara obducens. Ta impatiens ba ta kama gero, ta gero ba ta kama impatiens, amma aikinsu iri ɗaya ne. Ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa, gefensa ya lanƙwashe ƙasa, ka juya bayansa ka ga farin gari-gari kamar an barbaɗa toka, cikin 'yan makonni ganye da fure su kakkaɓe a bar ka da kore-koren karare tsirara. An gan ta a Ingila tun 2003, amma a 2011 ta yi ɓarnar da ta tayar da hankali a Ingila da Amurka lokaci guda. Abin da ya ƙara dagula lissafi a Ingila shi ne ƙwayar ta daina jin maganin metalaxyl, sinadarin nan da ke cikin Apron Star da manomanmu ke cuɗa iri da shi. A shekarar da ta biyo baya wasu manyan kantuna suka daina sayar da furen ɗungurum. Ga shi ƙwayar tana iya kwanciya a ƙasa ta yi shekaru, duk kwamin da ta taɓa shiga, in ka sake dasa ɗan inuwa a ciki ta tashi ta gaishe shi.

Daga nan sababbin irin suka samo asali. Kamfanin Syngenta ya fito da Imara XDR, sunan kuma Sawahili ne, ma'anarsa mai ƙarfi. PanAmerican Seed, wanda ke ƙarƙashin Ball Horticultural na Amurka, ya fito da Beacon, aka gabatar da shi a 2019 ya bazu a kasuwa a 2020. Ball ɗin ya haɗa kai da wani kamfanin Holan, KeyGene, suka karanta jerin ƙwayoyin gadon ɗan inuwa don su gane inda juriyar take. Ba cusa masa wani baƙon abu aka yi ba. Aikin zaɓe ne irin na gargajiya, a shuka dubbai, a sake musu cutar da gangan, wanda ya tsaya da ƙafarsa a ɗauke shi a yi barbara da mai kyan fure, a sake shukawa, a sake gwadawa. A ido Beacon da Imara ba su da maraba da Super Elfin: tsayi santimita 25 zuwa 30, ganye siriri mai laushi, fure mai faɗin kamar santimita 4, launi ja, fari, ruwan lemo, ruwan hoda, shuɗi-shuɗi mai duhu. Kamfanonin da kansu juriya mai ƙarfi suka ce, ba su ce cutar ba za ta taɓa shi sam ba, kuma mai hankali zai riƙe wannan bambanci.

To a nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Abin da aka gyara a Beacon da Imara cutar sanyi da laima ce. Ba a ƙara musu ko ƙwayar zarra ta jure zafi ba. Ga mai lambu a Manchesta ko Toronto wannan babban labari ne. Ga ƙanwata a Jos ma labari ne, domin Jos tana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma markar Agusta a can, da hazo da raɓar safiya da sanyin dare, irin yanayin da wannan cuta ke so ne. Haka Gembu a tsaunin Mambila, haka Ngaundare a Kamaru. Amma ga mutumin Sakkwato ko Yamai ko Maiduguri, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, an sayar masa da laimar tare ruwan sama ne a ranar da ƙishirwa ke damunsa. Kafin cuta ta iso rana ta riga ta gama aikin.

Na biyu a layi shi ne ɗan Niyu Gini, Impatiens hawkeri. An kai shi Turai tun 1886 amma bai yi tashe ba, sai bayan da ma'aikatar gona ta Amurka da lambun Longwood na can Amurka suka tura masu tattaro tsirrai zuwa tsibirin Niyu Gini a 1970, suka dawo da iri daban-daban aka raba wa masu barbara. Wannan ya fi ɗan inuwa ƙira ta kowace fuska. Karansa ya fi kauri, sau da yawa ja-ja ne. Ganyensa dogo ne mai tsini kamar kan mashi, yana fitowa uku, huɗu ko fiye a zagaye da gaɓa ɗaya, wani kore shar, wani ruwan tagulla, wani da ratsin ɗorawa a tsakiya, har ma ko babu fure ganyen kaɗai ado ne. Furensa ya kai santimita 5 zuwa 7. Kuma cutar nan ba ta dame shi ba tun asali, shi ya sa da ɗan inuwa ya faɗi a 2011 shi aka fara rugawa gare shi.

Sai dai shi ne mafi shagwaɓa a cikinsu, kuma ban faɗi haka da wasa ba. Yana son haske fiye da ɗan inuwa amma ba ya son ranar azahar. In ka kai shi inuwa mai duhu ya yi ta ganye ya hana ka fure, in ka fitar da shi fili gefen ganyen ya ƙone. Saiwarsa ba ta son gishirin taki. Na farkon da na saya, ina murna, na ɗebi NPK cikin cokali na zuba masa a gindi kamar yadda nake yi wa tumatir, cikin kwana huɗu bakin ganyen ya soye ya nannaɗe, tsiron ya tsaya cak bai ƙara toho ba har ya mutu. Haka in ƙasa ta jiƙe sharkaf ta kwana biyu saiwar ta ruɓe. In dare ya yi zafi furen ya ƙanƙance. Fure ne na kasko ɗaya ko biyu a baranda mai kallon gabas, wurin da za ka gan shi kullum da safe ka san halin da ya kwana. Wanda ke son ya cika dogon kwami ya tafi harkarsa, ya nemi wani.

Na uku shi ne wanda abokina ya gani, SunPatiens, na kamfanin Sakata da ke Yokohama a Japan, wanda ya shiga kasuwa a 2006. Ɗan barbara ne tsakanin ɗan Niyu Gini da wasu dangin na daji daga Indunusiya. Akwai wani abu a tarihinsa da ya burge ni. Sakata ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Indunusiya bisa dokar duniya ta kare albarkatun halittu, yana biyan ƙasar wani kaso daga cinikin furen, tunda daga dajinta aka ɗauko gadon. Duk sanda na tuna haka sai in tuna ɗan inuwa, wanda aka ɗauka daga Gabashin Afirka tun kafin a san da irin wannan doka, aka yi ta cin riba da shi. Wannan dai zance ne na wata rana.

A kamanni SunPatiens ɗan Niyu Gini ne da ya ci ya ƙoshi. Ganyensa ya fi kauri, furensa ya fi tauri, saiwarsa tana saurin kama ƙasa ta yi nisa, kuma ita ce ke ba shi damar jan ruwa daidai da yadda rana ke zuƙe shi. A baya kashi uku aka riƙa sayar da shi. Compact yana tsayawa wajen gwiwa, dunƙule, shi ya fi dacewa da kasko. Spreading yana bajewa gefe, ɗaya daga cikinsa mai suna Shell Pink ya ci lambar gasar furanni ta All-America Selections a 2015. Vigorous kuwa in ya samu wuri yana kusantar mita guda, sai babban fili. Cutar laima ba ta kayar da shi. An san shi da tsayawa a rana tun safe har yamma yana ci gaba da fure.

Amma ranar wa? Ranar da aka gwada shi da ita ta Japan ce da Turai da Amurka, inda ko a tsakiyar zafi iska tana ɗauke da laima. Tamu ta Maris da Afrilu busasshiya ce, iskar kanta tana tsotse ganye. Na gwada Compact guda biyu a manyan kasake a gidana. Daga Yuni zuwa Oktoba suna fili, rana na dukansu yini guda, ba su nuna ko gajiya ba, fure a kan fure har ganye ba ya ganuwa. Da Maris ta shigo sai labari ya sauya. In na ba su ruwa da asuba, kafin la'asar sun yi yaushi sun kwanta a bakin kasko. In na sake zubawa, cikin sa'a ɗaya su miƙe kamar ba su ba, wannan kam halinsu ne mai kyau, suna farfaɗowa. Sai dai kowane irin wannan suma yana zubar da 'yan furannin da ba su buɗe ba. Ranar da na yi tafiyar kwana biyu na bar wa yaro amana ya manta, na dawo na tarar ɗaya ya tafi. Ɗayan na ja shi ƙarƙashin darbejiya inda yake samun rana daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe sha ɗaya, ya ƙetare bazara da ƙyar. Wannan a Kaduna ke nan. Mai sayen ruwa wurin 'yan garuwa a Kano ya yi lissafin jarka biyu ko uku a rana saboda fulawa, ya ga ko zuciyarsa ta yarda.

Akwai wani bambanci da ba ya fitowa a hoto, amma shi ya fi shafar aljihu da kuma yiwuwar samun abin tun farko: wanne ake shukawa da ƙwaya, wanne sai da reshe. Beacon da Imara da Super Elfin iri ne a fakiti. Ƙwayar ƙanana ce ainun, giram ɗaya ya haura dubu, kuma tana buƙatar haske kafin ta tsiro, saboda haka ba a binne ta. Ka barbaɗa a kan lallausar ƙasa mai danshi, ka ɗan danna da tafin hannu, ka rufe da farar leda, ka ajiye a inuwa mai haske. Tana son ɗumi kamar digiri 21 zuwa 25, cikin mako ɗaya zuwa biyu ta fito, bayan wata biyu zuwa biyu da rabi ka ga fure. Fakiti yana shiga ambulan, yana jure tafiya, kuma da shi kaɗai za ka cika kwami. Sai dai irin F1 ne, wato 'ya'yan fari na iyaye biyu da kamfani ya tsarkake ya ɓoye. Manomin masarar aure ya san zancen. In ka tara 'ya'yansa ka sake shukawa za su fito, amma wani dogo wani gajere, launi ya rikice, kuma babu tabbacin juriyar cutar ta biyo su.

SunPatiens ba shi da iri a fakiti. Duk wanda ya tallata maka ƙwayar SunPatiens a intanet, wani abu daban zai aiko maka. Dalili kuwa a barbarar yake. Furen impatiens yana fara zama namiji, da wata 'yar hula ta bununi da ta rufe kan macen, sai hular ta faɗi bayan 'yan kwanaki sannan macen ta shirya karɓa. Mai barbara yana cire hular da hantsaki, ya shafa bununin uban da ya zaɓa, ya ɗaura alama, ya kuma sa wa kwafsar 'yar jaka kafin ta fashe. In iyayen daga jinsi biyu mabambanta suke, ɗan da aka samu yakan fito kamar alfadari, ga ƙarfi ga kyau amma haihuwa ta yi wuya. To in aka dace da guda ɗaya mai kyau a cikin dubbai, hanyar yawaita shi ita ce a yanki reshe a dasa, a sake yanka a dasa. Duk SunPatiens mai suna ɗaya da ke duniya jikin tsiro guda ne aka rarraba. Galibin 'yan Niyu Gini ma haka ake yi da su, ko da yake akwai jerin da ake shukawa da ƙwaya kamar Divine da Florific, kuma ga mai son wannan ƙira a ƙasarmu su ne hanya mafi sauƙi.

Reshen yana kamawa ba wuya, ka yanki mai gaɓa biyu ko uku, ka cire ganyen ƙasa, ka tsoma a kofin ruwa ko yashi mai danshi, cikin mako biyu ka ga fararen saiwoyi. Amma irin nan masu rajista ne, a jikin takardarsu an rubuta cewa an hana yawaita su don sayarwa ba da izini ba. A Amurka irin wannan kariya shekara 20 take yi. Nijeriya ma ta samu dokar kare haƙƙin masu samar da sabon iri a 2021, don haka mai gidan renon furanni da ke son ya mai da abin sana'a ya san da zamanta. Shigo da ɗanyen tsiro daga waje kuwa sai da takardar izini daga hukumar killace kayan gona, NAQS, kuma reshe mai ruwa irin wannan ba ya son jiran kwanaki a filin jirgi.

Wannan ya kawo mu bakin titi, inda yawancinmu za mu saya, wurin masu jera fulawa a baƙar leda a Abuja da Kaduna da Jos. A can babu takarda, suna kuwa duk wanda ya zo baki. Na taɓa tambayar wani mai sayarwa, ya nuna mini layi guda ya ce, "Alhaji, duk wannan mai shan rana ne, ko a kan kwalta ka sa shi." Da na duƙa sai na ga rabin layin ɗan inuwa ne, sauran kuma ba ma impatiens ba ne, binka ce, wato Catharanthus. Ba na jin yaudara ya nufa, yadda aka faɗa masa ya faɗa. Ganye za ka duba. In siriri ne mai laushi, mai siffar ƙwai, yana fitowa ɗaya nan ɗaya can a kan doguwar wuya, ɗan inuwa ne. In dogo ne mai kauri, da yawa a zagaye da gaɓa ɗaya, jijiyar tsakiya ja-ja, ɗan Niyu Gini ne ko SunPatiens, kuma tsakanin waɗannan biyun ido kaɗai ba ya rabawa, sai takarda ko kuma rana ta yi muku hukunci. In ganyen yana sheƙi, gefensa sumul babu zarto, da farin layi a tsakiya, bayan furen kuma babu ƙaho, binka ce. Kafin ka biya ka juya ganye biyu ko uku ka duba bayansu. Farin gari, ka ajiye ka wuce. Zoben baƙi-baƙi ko ɗigo mai zagaye a ganye alamar wata cutar bairos ce da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ita ma ba ta da magani.

Akwai na huɗu da kasidun kamfanoni ba sa yi wa talla saboda ba ya kawo musu kuɗi, balsam, Impatiens balsamina, ɗan Indiya da ƙasar Bama, wato Myanmar. Kara ɗaya yake yi a miƙe, furen yana maƙale a jikin karan a hammatar ganye, wani mai ninki kamar ƙaramin wardi, kwafsar kuma mai gashi-gashi. Bai kai sauran iya rufe ƙasa da launi ba, ganye yana ɓoye rabin adon, kuma wata uku zuwa huɗu ya gama rayuwarsa. Amma ƙwayarsa manya ce, ka yafa a farkon damina ta fito ba lallashi, yana ɗaukar rana fiye da ɗan inuwa nesa ba kusa ba, kuma yana zubar da 'ya'ya ya dawo da kansa baɗi. Wani abin sha'awa, a jikinsa akwai sinadarin nan da ke sa lalle ya kama, kuma matan Koriya sun daɗe suna daka furen da ganyen su ƙunsa a farce ya kwana, ya fito ja kamar namu ƙunshin. Da na faɗa wa uwargida haka sai da ta gwada a ɗan yatsa. Ya kama, ko da yake bai yi duhun lalle ba.

Hunturu yana da nasa sharrin ga dukansu. Sanyin bai kai ya kashe su ba a yawancin garuruwanmu, amma busasshiyar iska da ƙura suna kawo wasu jajayen ƙwari ƙanana kamar ƙwayar barkono da aka niƙa, masu saƙa siririn zare a bayan ganye, ganyen ya yi fari-fari ya bushe. 'Yan Niyu Gini da SunPatiens sun fi shan wahalarsu. Wanke bayan ganye da ruwa da safe, sau biyu ko uku a mako, ya fi yawancin feshin da za a sayar maka. Ka lura da saɓanin: a marka ana gudun jiƙa ganye saboda cutar laima, a zuba ruwa a gindi kawai, a hunturu kuma wankan ne magani. Ƙasar kasko kuwa duka huɗun abu ɗaya suke so, wadda ke riƙe danshi amma ba ta kwantar da ruwa. Ni ina haɗa ƙasar lambu da ruɓaɓɓen takin shanu da ya shekara da buntun shinkafa da aka babbaka, in huda ƙasan kaskon da kyau. Kaskon ƙasa ya fi na roba sanyaya saiwa, sai dai ya fi shan ruwa.

Ga 'yan uwa da ke Ingila ko Jamus ko Kanada lissafin ya fi sauƙi. In lambun inuwa ne, a nemi takardar da aka rubuta Beacon ko Imara XDR, kada a karɓi ɗan inuwa marar suna komai arharsa, musamman in an taɓa yin cutar a wurin. In fili ne mai rana, SunPatiens. Kada dai a fitar da ko ɗaya waje sai sanyin ƙanƙara ya wuce, a Ingila wajen ƙarshen Mayu, domin dare ɗaya ya isa ya mayar da karan nan ruwa. A Kumasi da sauran garuruwa masu laima duk shekara, ɗan Niyu Gini da SunPatiens sun fi samun abin da suke so, ɗumi da danshi tare.

Ƙanwata na ce ta nemi fakitin Beacon, ta yi yayyafi a Afrilu ta dasa a Yuni, ta bar tazarar taƙi ɗaya da ɗan ɗori tsakanin kowane biyu don iska ta ratsa, ta kuma sa ɗan Niyu Gini guda a kasko a bakin ƙofa inda hantsi ke sauka. Ba ta samu Beacon ba a karon farko, ta dasa na bakin titi, suka yi kyau har tsakiyar Agusta sannan rabin layin ya kakkaɓe. Na ce ta tuge su da saiwa ta ƙulle a leda ta zubar, kada ta sa a ramin taki, kada kuma ta mayar da marar suna a wannan lungun. Bana wata ƙawarta ta taho mata da fakitin.

Abokina na Kano kuwa na ce masa gaban shagon da ke kallon yamma, ga siminti ga kwalta suna mayar da zafi, ba wurin impatiens ba ne ko wane iri, ya sa binka ko bogenbiliya ya huta. In ransa ya nace sai SunPatiens, ya ɗauki Compact, ya sa a babban kasko a gefen gabas na gidansa, ya more shi daga Yuni zuwa Fabrairu, in bazara ta kama ya yanki rassa biyu ya raya su a inuwa kusa da randa. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni ko binkar tana da ja mai duhu irin na hoton. Na ce tana da shi.